Kwas ɗin da ya kayar da ni a aji uku: tsakanin tamodainamik na gargajiya da na ƙididdiga

Ranar da aka liƙa sakamakon zango na biyu na aji uku a allon sashenmu na fiziks, na je hankalina kwance. A aji biyu na samu maki 74 a tamodainamik, wato ilimin zafi da aiki da injuna, har ni nake yi wa abokaina bita a bakin masallacin hostel bayan Isha'i. Saboda haka da na ga kwas mai suna tamodainamik na ƙididdiga a jerin darussan aji uku, sai na ɗauke shi ƙanen wancan, na ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Na bi lambata da yatsa har na iso gurbinsa, na tarar da F. Na koma na sake bi daga sama ko na tsallake layi ne. Ban tsallake ba. Na daɗe tsaye a wurin, mutane na ture ni suna neman nasu. Ina rubuta wannan ne domin na san duk shekara akwai mai shiga wannan kwas da irin zaton da na shiga da shi, kuma babu wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini inda hanyoyin biyu suka rabu, sai da na faɗi kwas ɗin.

Wurin farko da na nufa shi ne ofishin jami'in jarrabawa na sashe. Kwana uku ina sintiri, domin lokacin ana shirya sakamakon 'yan aji huɗu don kai wa majalisar jami'a, ƙofarsa kullum a rufe. A rana ta uku na rubuta sunana a takardar da ke liƙe a ƙofa tun ƙarfe takwas, aka kira ni bayan Azahar. Ya nemi katin shaidar ɗalibta da kwafin fom ɗin rajistar darussa, ya buɗe kwamfuta ya karanto mini: 14 cikin 30 a tes da aikin gida, 19 cikin 70 a jarrabawa, jimla 33, alhali ana cin kwas ne daga 40. Na ce masa, ranka ya daɗe, ina son a sake duba takardata, domin na cika shafuka bakwai. Ya bayyana mini hanyar: a rubuta wasiƙa ta hannun shugaban sashe zuwa shugaban tsangaya, a biya kuɗi a banki a haɗa da rasit, sannan a ba wani malami daban takardar ya yi maki, kuma abin yana iya ɗaukar watanni. Ya ce haƙƙina ne, amma kafin in kashe kuɗin mahaifina in fara ganin malamin da ya koyar da kwas ɗin. Na fito raina a ɓace, ina ganin kamar ana so a rufe maganar ne. Yanzu na san shawara ce ta gaskiya.

Malamin bai nuna mini takardata ba, doka ba ta ba shi dama. Abin da ya yi shi ne ya ɗauko farar takarda ya zana akwati, ya raba shi biyu da layi, ya ɗiga ɗigogi a ɓangare ɗaya. Ya ce iskar gas ce a nan, can kuma babu komai, an zare katangar, gas ya bazu ya cika akwatin, me ya sa ba ya komawa gefe ɗaya da kansa? Na amsa da sauri, na ce Malam doka ta biyu ta tamodainamik ce, entirofi, wato ma'aunin yadda makamashi da ƙwayoyi suka bazu, ba ya raguwa a abin da aka killace. Ya ce amsar daidai take, amma amsar aji biyu ce, kuma irinta na rubuta a shafuka bakwai ɗin nan. Ya ce a aji biyu an ba ni dokar ne in yi aiki da ita, a aji uku kuma an ce in nuna daga ina ta fito, in ƙirga. Na ce in ƙirga me, Malam? Ya dube ni ya ce to ka ga inda makinka ya tafi. Ban rubuta wasiƙar ba.

Faɗa wa Baba ya fi mini komai nauyi. Ya yi shiru, sannan ya ce Allah Ya sa hakan ne mafi alheri, ya tambaye ni ko zai ja mini ƙarin shekara. Na ce in na ci a zama na gaba ba zai ja ba. Hutun nan a shagon kawuna na yi shi, mai gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki ne, kuma a can na fara gane mene ne ainihin abin da na karanta a aji biyu. Kawu yana ɗaura gejinsa a bututu ya karanta matsin gas, ya taɓa bayan firij ya ji ɗumi, ya saurari kwamfiresa, ya ce wannan gas ya zube ko wannan ya toshe. Bai taɓa tambayar abin da ƙwayoyin gas ɗin suke yi a cikin bututu ba, kuma firij yana tashi. Tamodainamik na gargajiya haka yake. Yana tsayawa a waje ne ya auna matsi da girman mazubi da matakin zafi, ya faɗi yadda suke da alaƙa da juna. A wurin injin tururi aka haife shi. A 1824 wani injiniyan Faransa, Sadi Carnot, ya nuna cewa iyakar aikin da inji zai iya fitarwa daga zafi ya dogara ne kawai ga matakin zafin inda yake ɗiba da na inda yake zubarwa. Injin da ke ɗibar zafi a kelbin 600 yana zubarwa a kelbin 300 (kelbin ma'aunin matakin zafi ne da ke farawa daga ƙarshen sanyi) ba zai taɓa mayar da fiye da rabin zafin ya zama aiki ba, ko da me aka ƙera shi. Abin da ya fi ba ni mamaki da na koma na karanta shi ne Carnot ya kai ga wannan ne yana ɗaukar zafi wani irin ruwa ne marar nauyi da ke kwarara daga sama zuwa ƙasa. Fahimtarsa game da abin da ke ciki kuskure ce, sakamakonsa kuma yana nan daram har yau. Daga baya James Joule a Ingila ya auna yadda aiki ke zama zafi, Rudolf Clausius a 1850 ya tsara doka ta biyu, cewa zafi ba ya tashi da kansa daga abu mai sanyi zuwa mai zafi, shi ya sa firij ɗin Kawu yake buƙatar kwamfiresa da wuta, sannan a 1865 ya raɗa wa entirofi suna. A wurinsa entirofi lissafi ne: zafin da ya shiga a hankali, a raba shi da matakin zafi. Bai buƙaci a yarda akwai atam ba.

A nan ƙarfin tamodainamik na gargajiya yake, a nan kuma ya tsaya. Zai gaya maka cewa bambancin zafin da gas ke sha idan an riƙe matsinsa da wanda yake sha idan an riƙe girman mazubinsa daidai yake da adadin da ake kira R, wato jul 8.314 (jul ma'aunin makamashi ne) a kowane digiri ga kowane mol (mol kuma ƙwayoyi ne kusan 6 da sifili 23 a bayansa), amma ba zai gaya maka nawa ne kowanne ba. Sai ka je ka auna ko ka buɗe jadawali. Duk lambobin da na haddace a aji biyu, irin su jul 4,186 da ake buƙata a ɗaga zafin kilo ɗaya na ruwa da digiri ɗaya, wani ne ya auna ya ba mu.

Da aka koma makaranta sai batun rajista. Wanda ke da kari-oba ya sani cewa fotal yana fara ɗora masa kwas ɗin da ya faɗi ne kafin sababbi, kuma a wurinmu ba a wuce yunit 24 a zango. Kwas ɗin yunit 3 ne, don haka dole na sauke wani kwas na zaɓi da nake so ƙwarai a zango na biyu. Na biya kuɗin makaranta, na je kafe na biya naira 500 aka buga mini fom kwafi huɗu, na kai wa kodinetan aji huɗu ya sa hannu. Ya mayar da ni, ya ce sai kodinetan aji uku ya fara sa hannu a gurbin kwas ɗin tunda na ajinsa ne. Wannan ya ci mini kwana biyu. Na ajiye kwafi ɗaya a sashe, ɗaya a tsangaya, ɗaya wurin kodineta, na riƙe ɗaya, kuma wannan na hannuna shi ya cece ni daga baya. Tunda kwas ɗin na zango na biyu ne, ina da wata huɗu a gabana. Na koma wurin malamin na ce ya faɗa mini abin da zan karanta kafin lokacin. Bai ambaci zafi ba sam. Ya ce in koma lissafin sakandare na hanyoyin jerawa da zaɓe, in iya faktoriyal, in iya ƙiyasin Stirling na logarizim ɗin manyan lambobi, in saba da lissafin yiwuwa. Sannan ya haɗa ni da wata ɗalibar digiri na biyu da ke yi wa 'yan aji uku bita ranar Asabar.

Ita ce ta buɗe mini ƙofar, kuma da gyaɗa ta yi. Mu shida ne a ƙarƙashin bishiyar darbejiya a bayan ɗakin gwaji. Ta sa muka tona ramuka kamar na dara, uku a hagu uku a dama, ta ba mu ƙwayar gyaɗa huɗu. Ta ce kowane rami atam ne, kowace gyaɗa ɗan gutsuren makamashi ne, rami ɗaya yana iya ɗaukar gyaɗa ko nawa, ku ƙirga mini hanyoyin da za a iya zuba su. Muka duƙufa. Idan duka huɗun suna hagu, hanyoyi 15 ne. Idan uku suna hagu ɗaya a dama, 30. Idan biyu da biyu ne, 36. Sai kuma 30, sai 15 ta ɗaya gefen. Jimla 126. Ta ce to ga zahiri ga baɗini. Zahiri shi ne abin da mai kallo daga nesa zai ce, gyaɗa nawa ce a hagu, nawa a dama, kuma guda biyar ne kacal. Baɗini shi ne gyaɗa nawa ke cikin kowane rami, shi ne 126 ɗin nan. Tamodainamik na gargajiya zahiri kawai ya sani. Na ƙididdiga kuwa yana farawa da zato ɗaya tak, cewa a abin da aka killace ya natsu, kowane baɗini yana da damar faruwa daidai da ɗan'uwansa, saboda haka zahirin da ya fi yawan baɗini a ƙarƙashinsa shi za a fi gani. Na ce mata, Anti, ai 36 bai fi 15 da wani abin kirki ba, ke nan zafi yana iya komawa gefe ɗaya sau da yawa. Ta ce ƙwarai kuwa, in ramuka shida ne. Amma a giram 18 na ruwa, abin da bai wuce kurɓi ɗaya ba, akwai ƙwayoyi kusan 6 da sifili 23 a bayansa. Ta nuna mana cewa kaucewa daga tsakiya tana raguwa ne gwargwadon tushen murabba'in yawan ƙwayoyi: in guda 100 ne za ka ga tangal-tangal na kusan kashi 10 cikin ɗari, in kuwa 1 ne da sifili 22, tangal-tangal ɗin ɗaya ne cikin biliyan ɗari. Babu gejin da zai ga wannan. Shi ya sa allurar gejin Kawu take tsayawa cak, alhali a cikin bututun ƙwayoyi ne ke ta karo da bango ba tsari. Ƙwayar naitirojin da ke cikin iskar ɗakin da kake zaune tana gudun kusan mita 500 a daƙiƙa.

A daren nan na ɗauko zanen akwatin da Malam ya yi mini, wanda na adana a cikin littafi, na ce bari in warware shi ta hanya biyu. Ta hanyar aji biyu, idan mol ɗaya na gas ya ninka mazubinsa, entirofi yana ƙaruwa da R sau logarizim ɗin 2, wato 8.314 sau 0.693, ya ba ni 5.76. Ta hanyar ƙirga kuma, kowace ƙwaya da a da take da ɓangare ɗaya yanzu tana da biyu, don haka hanyoyin sun ninka da 2 sau 2 sau 2 har adadin ƙwayoyin. Na sa wannan a ƙa'idar Boltzmann, S = k log W, inda S yake entirofi, W yake yawan baɗini, k kuma ɗan ƙaramin adadi ne, 1.38 a raba da 1 mai sifili 23. Na buga a kalkuleta, ya fito 5.76. Na sake bugawa. Hanya ɗaya ta fito daga tukunyar injin tururi, ɗaya daga ƙirgar gyaɗa, suka haɗu a lamba guda. Na tashi na fita tsakar hostel na yi ta zagaye, domin ban iya zama ba. Amsar tambayar Malam ita ce babu abin da ya hana gas komawa gefe ɗaya, sai dai yiwuwar hakan rabi ce sau rabi sau rabi har sau 6 mai sifili 23, kuma duniya ba ta da tsawon ran da za ta jira wannan.

Bayan nan ne na nemi tarihin abin, na ga ruɗanin da na shiga manya ma sun shige shi. James Clerk Maxwell ya fitar da yadda gudun ƙwayoyin gas yake rarrabuwa a 1860, Ludwig Boltzmann na Ostiriya ya danganta entirofi da yiwuwa a 1877. Masana irin su Ernst Mach da Wilhelm Ostwald suka ƙi, suka ce me zai sa a gina ilimi a kan atam ɗin da ba wanda ya gani, alhali dokokin zahiri suna aiki. Abokin Boltzmann Josef Loschmidt ma ya kawo tambaya mai nauyi: in motsin kowace ƙwaya yana iya juyawa baya, ta yaya tarinsu zai zama mai tafiya gaba kawai? Amsar Boltzmann ita ce wadda na samu a daren nan. A 1902 Josiah Willard Gibbs na Amurka ya tsara fannin yadda muke karanta shi yau. A 1905 Albert Einstein ya nuna cewa rawar da ƙananan ɓarɓashi ke yi a cikin ruwa, wadda Robert Brown ya lura da ita tun 1827, bugun ƙwayoyin ruwa ne, Jean Perrin ya tabbatar da gwaji daga 1908. Boltzmann ya rasu a 1906, bai ga wannan tabbacin ba. Ƙa'idar nan tana rubuce a kan kabarinsa a birnin Biyana. Na ji tausayinsa sosai da na karanta.

Da zango na biyu ya zo, lakcar kwas ɗin ta ci karo da wata ta aji huɗu ranar Laraba. Na kai kuka wurin jami'in jadawali, ya ce ba a sauya jadawali don mutum ɗaya, sai na roƙi malamin aji huɗun ya yarda in riƙa shigowa a awa ta biyu. Na kiyaye sa hannu a takardar halarta, domin sai da kashi 75 ake barin mutum ya zauna jarrabawa. Zama cikin ƙannena ya yi mini nauyi a makon farko, na riƙa neman kujerar baya. Daga baya na dawo layi na biyu, domin a wannan karon ina jin abin da ake faɗa. Na gane cewa Z ɗin nan da na haddace bara ba tare da sanin amfaninsa ba, jimla ce ta dukkan matakan makamashin da abu zai iya hawa, kowanne an auna shi da nauyinsa, kuma daga gare shi ake ciro makamashi da matsi da entirofi, duk abin da aji biyu ya ce in duba a jadawali. Da alƙalami muka fitar da cewa gas mai atam ɗaya kamar hiliyam da agon yana shan jul 12.5 a kowane mol kafin zafinsa ya ɗaga da digiri ɗaya idan an riƙe girman mazubinsa, mai atam biyu kamar naitirojin yana shan kusan 20.8, kuma haka awo ya nuna.

Amma kada wani ya ɗauka sabon ya kori tsohon, ni ma na kusa faɗawa wannan ramin. Na ƙididdiga sai ka fara ba shi siffar abin da ke ciki, in siffar ta karkace amsar ma ta karkace. Tun 1819 Dulong da Petit suka auna cewa yawancin daskararrun abubuwa suna shan kusan 25 a kowane mol, ƙirga ta farko ta bayyana dalilin, amma dutsen daimon ya ƙi, yana shan kusan 6 kawai a zafin ɗaki. Sai da Einstein a 1907 da Peter Debye a 1912 suka shigo da ra'ayin kwantam, wato cewa makamashi gutsure-gutsure yake zuwa, kamar gyaɗarmu, sannan lissafi ya daidaita. Duk tsawon wannan gyare-gyaren ba a taɓa ko harafi ɗaya a dokokin Carnot da Clausius ba. A ganina wanda zai yi aikin injiniya na gargajiya zai fi yi masa hidima kullum, amma wanda yake son sanin dalilin da ya sa ƙarfe ko gas ko na'urar lantarki suke yadda suke, ba shi da makawa sai ya ƙirga.

Akwai tarko ɗaya na kalma da ya ci mini maki 4 a tes na wannan karon. Kalmar Turancin da ake kiran tamodainamik na gargajiya da ita, wato classical, ana kuma amfani da ita a cikin na ƙididdiga da wata ma'ana daban. A can tana nufin ƙirgar Maxwell da Boltzmann, wadda ake bambantawa da ƙirgar Bose da Einstein ta 1924 da ta Fermi da Dirac ta 1926. Aka tambaye mu iyakar gargajiya ta wata ƙa'ida, ni kuma na koma ina rubuta dokokin aji biyu. Duk inda ka ga kalmar, tsaya ka duba kishiyarta a tambayar: ƙididdiga ce ko kwantam.

Kafin jarrabawa na buga katin shiga a kafe, na duba na tabbatar kwas ɗin yana jiki, domin wani abokina nasa bai fito ba, sai da ya kwana biyu yana bin ofishin fotal. A zauren jarrabawa tambaya ta biyu ita ce a fitar da dokar gas daga Z. Na rubuta shafuka huɗu kacal a duka takardar. Sakamako ya fito da 66, wato B. F ɗin farko bai goge ba, yana nan a cikin lissafin matsakaicin makina, ya ja ni ƙasa kaɗan, kuma gara mutum ya san wannan tun da wuri.

Ga wanda zai shiga kwas ɗin, abin da zan ce ya yi shi ne ya ware makonni biyu kafin a fara ya koma lissafin jerawa da yiwuwa, kuma duk tambayar da aka ba shi ya gwada warware ta ta hanyoyin biyu ya ga ko sun haɗu. Ga wanda ya riga ya faɗi, ya ga malaminsa kafin ya biya kuɗin sake duba takarda. Sannan bayan ya ci, kada ya jira sai lokacin kiliyarans. Ni da na koma ofishin jami'in jarrabawa wata guda kafin a kai sunayenmu majalisa, na tarar kwas ɗin yana nan a jerin abin da ake bina, ba a shigar da sabon makin a fayil ɗina ba. Na ciro kwafin fom ɗin nan mai sa hannun kodineta biyu da katin jarrabawata, ya nemo takardar makin aji uku ya ga lambata a can ƙasa, ya gyara a gabana, na tsaya har ya buga sabuwar takarda ya sa hannu.